Ƙamus na Hannu Ɗaya

Bahago bai taɓa shiga shagon littattafai don saya wa kansa wani abu ba sai ranar. Na yara yakan zo saya in an koma makaranta, a tattaro masa ya fita ko zama bai yi ba. Ranar kuwa sai ya tsaya a bakin ƙofa yana goge hannu a jikin wando, alhali ya wanke shi tas kafin ya fito. Baƙin giris ya zauna a gindin faratansa tun yana saurayi, babu sabulun da zai raba su.

Mai shagon tsohuwar malamar makaranta ce, kowa Malama yake ce mata. Ta leƙo shi ta saman tabarau.

"Shigo mana, Malam. Littattafan ba sa cizo."

"Ƙamus nake nema," ya ce. "Na Sinanci da Turanci. Ƙarami, wanda zai shiga aljihu."

Abin da ya kawo shi yana kwance a ɗakin da ke bayan shagonsa na gyaran injuna. Wani tsoho ne ɗan ƙasar Sin, duk unguwa Injiniya take ce masa, shi kuma Bahago Baba yake kiransa. Tare da injunan masaƙa aka kawo shi tun Bahago bai fara aske gemu ba, kuma a hannunsa Bahago ya koyi aiki. Da masaƙar ta durƙushe aka garƙame ƙofa, 'yan uwansa suka ɗaure akwatuna suka koma ƙasarsu, shi ya zauna. Babu wanda ya san dalili, kuma shi ba irin mutumin da ake tsarewa da tambaya ba ne. Shi da Bahago suka haɗa hannu suka buɗe shago, ya ɗauki ɗakin baya ya tsufa a ciki, 'ya'yan Bahago suka tashi suna ce masa Kaka.

In da za a tara duk maganar da suka yi da baki a tsawon zamansu, da ƙyar ta cika yini guda. A zauren saƙa ba a magana. Injuna na ruri har mutum ba ya jin tarin kansa, don haka da hannu ake zance. In an sa yatsa a kunne, boris, ƙwallayen ƙarfen da ke sa inji juyi sumul, ya fara kuka. In an dunƙule hannu an juya, a ƙara ɗaure noti. Wanda kuma lokacin tashinsa ya yi, sai ya ɗora tafin hannunsa a jikin injin, sannan ya ɗora shi a kafaɗar wanda ya zo karɓarsa, wato lafiya lau na bar shi, yanzu ya zama naka. Da wannan yaren suka fito daga masaƙa, da shi suka ci gaba a shago, sai ɗan Turancin sunayen kayan gyara da 'yan kalmomin da tsohon ya tsinta a bakin mutane.

Wata safiya Bahago ya same shi a ƙasa kusa da gado. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Hannun da yake magana da shi ya koma kamar tsumma, baki ya karkace, Turancin da 'yan kalmomin da ya tsinta duk suka zube. Abin da ya rage masa sai yarensa na haihuwa, shi ma a dagule yake fitowa.

Yana da ɗan ƙanwa can ƙasarsu, wanda rabonsa da ganin kawun nasa tun yana yaro. Aka same shi a waya, aka kara wa tsohon a kunne. Mutumin ya saurara ya saurara, sannan ya ce wa Bahago, cikin Turancin da bai fi na Bahagon ba, ko kalma ɗaya bai tsinta ba.

"In yana son dawowa, zan zo in ɗauke shi," ya ce. "In yana son zama, ba zan ɗauke shi dole ba. Kai ne kake tare da shi. Kai za ka faɗa mini."

Likita kuwa bai yi ɓoye-ɓoye ba. Ya ce in tafiya ce, to yanzu ne, don jikin zai iya ɗaukar hanya, amma irin wannan ciwo yakan dawo, in kuwa ya dawo an gama zancen jirgi. Aka tambayi tsohon da baki, aka tambaye shi da hannu. Aka kunna masa fassarar waya, ta kwaso shirmen da ko yara ba su yi wa dariya ba. In an ce za ka tafi, ya gyaɗa kai. In an ce za ka zauna, ya gyaɗa kai. Likita ya ce aikin ciwon ne, kada a dogara da gyaɗa kan. Aka ba shi alƙalami a hagu, ya zana abin da ya fi kama da tonon kaza. Amma likitan ya lura idon tsohon na yawan komawa kan rubutun Sinanci da ke jikin wani kwalin kayan gyara a kusurwar ɗakin.

"Wataƙila karatu bai tafi ba," ya ce. "Ku gwada ta nan."

Shi ne Bahago ya wanke hannu ya taho shagon Malama. Sai dai akwai abin da bai faɗa wa likita ba, bai faɗa wa kowa ba. Ba ya son tsohon ya tafi. Yana neman amsar, kuma tsoronta yake ji.

"Wa zai koya?" Malama ta tambaya tana jawo tsani.

"Ni."

"Kai? Da furfurar nan? To madalla. Wasu suna ajiye karatu, kai yanzu kake ɗauka."

Ta sauko da su ta jera a kan kanta tana hure musu ƙura. Na farko ƙarami ne, sabo fil, mai jan bango. Ta buɗe ta nuna masa.

"Wannan don irinka aka yi shi. Ka nemi kalmar da kake so da Turanci, ga rubutunsu a gefe, ga kuma yadda za ka furta an rubuta maka da harufan da ka sani. Wancan babban ya fi shi kalmomi, amma sai dai ka ɗinka masa jaka."

"Wannan fa?" Bahago ya nuna wani mai kauri, bangonsa ya koɗe har ba a gane launinsa na asali.

"Kada ma ka ɓata lokacinka. Cikin kwalin tsofaffin littattafai ya zo mini. Don su aka yi shi, masu koyon Turanci. Daga rubutunsu yake farawa, kuma ba zai gaya maka yadda ake furtawa ba, don ya san mai shi ya sani. In ka buɗe shi kamar ka sauka a garin da ba ka san kowa ba."

Bahago yana da hanyarsa ta sayen kayan aiki. Duk abin da zai yi yawo da shi, sai ya gwada shi a aljihun ƙirjin rigar aikinsa. Ya ɗauki tsohon ƙamus ɗin ya tura, ya shiga rabi ya cije. Ya ɗauki jan ya saka, ya zame sumul kamar da shi tela ya auna aljihun. Ya ɗan bubbuga ƙirji, ransa ya yi fari. Ya biya ya fita yana jin ya yi sayayyar masu hankali.

Ɗakin Injiniya bai canza ba sai ƙarin warin magani. Ga gadon ƙarfe, ga fankar da ya sake wa naɗin waya da kansa, ga takalman aiki a jere a ƙarƙashin gado, bakinsu na kallon ƙofa. Bahago ya jawo kujera, ya zaro ƙamus, ya laluba da yatsa har ya sami kalmar zama. Ya gyara murya ya furta yadda aka rubuta.

Tsohon ya dube shi.

Ya sake furtawa da ƙarfi, kamar dai kurumta ce matsalar. Ya nemo kalmar nan, ya furta yana nuna ƙasa. Ya nemo lafiya, ya nemo haƙuri. Abin da ke fita daga bakinsa shi kansa ya san ba yaren kowa ba ne. Gefen bakin tsohon mai rai ya ɗan motsa, kuma Bahago bai iya gane ko dariya ce ko zafin ciwo ba. Ya sa masa tabarau, ya matso da shafin kusa da fuskarsa yana nuna rubutun. Tsohon ya ƙanƙance ido ya matso, ya ja baya, sannan ya lumshe. Rubutun ƙanana ne kamar an watsa yashi.

Can sai hannun hagun ya taso a hankali ya kama littafin. Bahago ya sakar masa. Tsohon ya ɗora shi a cinya, ya tura babban yatsa ya buɗe, yana ɗaga yatsan don ya juya shafi littafin ya rufe kansa ƙap. Ya sake buɗewa, ya sake rufewa. Ya ɗago shi ya danne gefe ɗaya da haɓa, wuyansa na rawa, littafin ya suɓuce ya faɗa ƙarƙashin gado tsakanin takalma. Mutumin da yake kwance inji ya ɗaure shi ido a rufe, yau ɗan littafi ya gagare shi. Ya juya fuskarsa bango, bai sake juyowa ba har Bahago ya fita.

Da mai hankali ne da a nan ya gane. Amma Bahago mutum ne mai taurin kai, kuma taurin kan ya sami abin jingina. Kullum in ya tashi daga aiki sai ya shiga ɗakin da ɗan jan littafinsa, ya zauna yana karanto kalmomi, tsohon na kallon silin. Ya iya cewa ruwa, ya iya cewa magani, ya iya cewa gobe. Shafin da kalmar tafiya take kuwa, yatsansa tsallake shi yake yi kamar mai tsallake kwata.

Matarsa ce ke dafa wa tsohon abinci mai ruwa-ruwa, ita ke ba shi a baki da cokali, don haka tana jin komai. Wata rana da hantsi ta same shi a ƙofar shago, waya a hannu, yana kallon lambar ɗan ƙanwar.

"Baban yara, me za ka ce masa?"

"Zan ce Baba ya fi son zama. Ina zai je? Wa ya sani a can? Nan ne gidansa."

"Shi ya faɗa maka?"

"Ke ya ce miki zai tafi ne?"

"Bai ce mini ba. Kai ma bai ce maka zai zauna ba." Ta gyara riƙon kwanon da ke hannunta. "Tun da ka kawo littafin nan muryarka kaɗai nake ji a ɗakin. Kai ne bakinka ya mutu? Kana ta faɗa masa, kana ta faɗa masa. Shi yaushe zai faɗa maka?"

"Ai na ba shi, ya kasa riƙewa."

"To ka ba shi wanda zai iya riƙewa mana."

Ta wuce ta bar shi da wayar. Ransa ya ɓaci, irin ɓacin ran da ake yi wa wanda ya faɗi gaskiya ba a shirya ba. Ya shiga shago ya tsaya gaban allon da suke rataye kayan aiki, ba don yana neman komai ba. Idonsa ya sauka kan wani tsohon almakashi a ƙusar ƙarshe.

Lokacin da ya fara aiki a masaƙa, kowane sabon ma'aikaci ana ba shi almakashin yanke zare, kuma duk na masu dama ne. A hannunsa na hagu almakashin tauna zaren yake yi maimakon ya yanke. Shugaban zauren ya yi ta buge masa hannu yana nuna masa daman, har ana shirin sallamarsa. Injiniya ya tsaya yana kallonsa wata rana, ya karɓi almakashin ya tafi. Da ya dawo sai ga shi da wani da ya ƙera da kansa, bakinsa a juye. Bai gwada shi a hannunsa ba. Ya kamo hagun Bahago ya zura masa yatsu a ciki, ya miƙo zare, ya sunkuya yana kallon yadda yatsun ke motsi. Ya karɓe ya je ya goge inda yake cin babban yatsa, ya dawo ya sake gwadawa. Sunan Bahago da ake yi masa tsiya da shi a zauren, daga ranar ya daina jin zafinsa.

Bahago ya daɗe a tsaye. Kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa. Ya je sayen kayan aiki don hannun Baba, ya auna shi da aljihun kansa.

Malama na ganinsa ta ajiye abin da take karantawa.

"Ɗalibi ya dawo. Har an ƙare wancan?"

"Malama, don Allah sake sauko mini da su. Kuma ara mini kujera."

Ta sauko da su. Ya zauna, ya mayar da hannunsa na hagu baya ya cusa shi cikin bel. Ya yi tunanin abin tun a hanya. Hagun Baba shi ne hannunsa da bai iya komai ba, shi kuwa nasa hagun ne gwani, don haka in zai gwada da gaskiya sai da dama. Ya ɗora babban ƙamus a cinya, ya ji nauyinsa, ya tuna ƙafafun tsohon da suka koma kamar sanduna, ya mayar. Ya zaro jan daga aljihu ya buɗe ya saki, ya rufe ƙap. Ya juya shi ya duba bayansa, gam ne aka shafa aka manne takardun.

Sannan ya ɗauki tsohon mai koɗaɗɗen bango. Ya buɗe tsakiya ya ɗauke hannu. Littafin ya kwanta a buɗe, bai motsa ba. Ya buɗe kusa da farko, ya buɗe kusa da ƙarshe, duk ya kwanta. Ya sunkuya ya leƙa tsakanin shafukan ya ga farin zare yana bi, ɗinki ne sosai, irin na wanda ya san aikinsa. Ya lashi yatsan damansa mai kauri ya ja shafi, takardar ta biyo ɗaya tak ba ta kwaso 'yan uwanta ba. Rubutun da ke farkon kowane bayani kuwa baƙi ne, babba, ya kai ƙwayar wake.

"Malam, na faɗa maka wannan ba za ka iya karanta shi ba."

"Ba ni zan karanta ba."

"Ai cewa ka yi kai ne."

"Haka na ce."

Ta dubi hannun da ke cushe a bel, ta dubi fuskarsa. Ta cire tabarau ta riƙe.

"Wa ke kwance?"

"Maigidana. Shi ya koya mini aiki."

"Allah ya ba shi sauƙi. Da ka faɗa mini tun farko, da ban bar ka ka fita da wancan ba. Shi zai nemo kalmarsa, kai ka karanta Turancin da ke gefe. Za ka iya?"

"Turancin kayan gyara ne da ni, Malama."

"In ka maƙale, riƙe shafin ka kawo mini. Jan fa, in karɓa?"

Ya juya shi a hannu, sannan ya mayar aljihu. "A'a, bar shi."

Bayan azahar ya kashe duk injunan shagon, abin da ba ya yi sai an tashi. Shiru ya sauka har ana jin juyin fanka a ɗakin baya. Ya tayar da tsohon ya jingina shi da bango, ya ɗora masa matashi a cinya, ya goge tabarau da bakin rigarsa ya sa masa. Sannan ya ajiye littafin a kan matashin, a buɗe, ya koma kujerarsa bai ce uffan ba.

Tsohon ya daɗe yana kallon shafin. Hannun ya taso ya sauka a kai, ya shafa takardar. Littafin bai gudu ba. Ya fara turo shafukan baya har ya kai wasu na farko, inda ƙananan zane-zane ke jere layi-layi, ya bi su da yatsa daga sama zuwa ƙasa. Ya tsaya, ya koma ciki yana juyawa. Ya wuce, ya dawo. Ya ɓata hanya ya sake komawa farko. Gumi ya tsattsafo masa a goshi, numfashinsa na fita da ƙara ta gefen bakin. Hannuwan Bahago suka yi ta ƙaiƙayin su taimaka, har sai da ya zauna a kansu.

Yatsan ya tsaya. Ya danna wurin har farcen ya yi fari.

Bahago ya sunkuya ya bi gefen rubutun zuwa Turancin. Wannan ya san ta, ko ɗan aji ɗaya ya san ta. Uwa.

Zuciyarsa ta ɗan sauka. Kewa ce kawai, ya ce a ransa, kowane mara lafiya uwarsa yake tunawa. Ya gyaɗa kai, ya kai hannu zai dafa shi, amma yatsan ya riga ya koma farkon littafin yana bin layi.

Ta biyun ta fi daɗewa. Da yatsan ya tsaya, Bahago ya ga kalmomin Turanci a jere waɗanda bai sani ba. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana haɗa harufa da leɓe, har ya zo ta ƙarshe. Ya san ta. Shekara da shekaru yana wuce ta a kan keke, a rubuce a allon ƙofar maƙabartar da ke hanyar masaƙa. 

Ta ukun ba ta ba shi wahala ba, tana cikin kowane littafin haɗa inji da ya taɓa buɗewa. Gefe.

Tsohon ya ɗago yatsan daga takardar, ya kai shi tsakiyar ƙirjinsa ya ajiye. Sannan ya ɗago ido ya dubi Bahago, irin kallon da yake yi masa a masaƙa in ya nuna abu yana jira ya ga ko an gane.

An gane. Uwa, kabari, gefe, shi.

Babu kowa a ɗakin sai su biyu. Matarsa na can kicin, yana jin ƙarar wanke-wankenta. Ɗan ƙanwar ya ce duk abin da ya faɗa shi ne. In ya rufe littafin nan ya ce Baba ya nuna ruwa da magani, babu mahalukin da zai ƙaryata shi, har tsohon kansa. Zai ci gaba da juya shi a gado, yana yi masa aski, yana jin tarinsa ta bango yana aiki. Abin da yake so ke nan, kuma ya so shi a lokacin har ƙirjinsa na ciwo.

Ya zaro waya a gaban tsohon, ya danna lambar. Aka ɗauka.

"Ka zo," ya ce. "Yana son dawowa. Kusa da mahaifiyarsa yake so."

Ya ji motsi a ƙofa. Matarsa ce tsaye, hannunta jiƙe da kumfa. Ita da ta tura shi, ita ce ta fara fashewa da kuka, ta toshe baki da bayan hannu ta juya da sauri. Tsohon ya jingina kai da bango ya lumshe ido, tafin hannunsa na kwance a kan shafin.

Ɗan ƙanwar ya zo, dattijo ne shi ma, da goshin kawunsa sak. Kayan tsohon ba su cika akwati ɗaya ba. Takalman aikin ya nuna a bar su. Ƙamus ɗin kuwa yana kan cinyarsa a keken marasa lafiya, don can ma da shi zai yi magana, tunda baki bai dawo ba. Bahago ya naɗe shi a ƙyalle mai tsabta, tsohon ya warware ƙyallen da yatsa, ya bar littafin a fili.

Mota na jira a titi, kuma hanyar fita daga ɗakin baya ta cikin shago take. Bahago ne ke tura keken. Suka wuce allon kayan aiki, suka wuce teburin walda. Da suka zo daidai babban injin sassaƙa ƙarfe, wanda suka fara saya ranar da suka buɗe shagon, sai hannun hagun ya miƙe ya kama ƙafar injin. Bahago ya tsaya.

Tsohon ya buɗe tafin hannunsa ya ɗora a jikin injin, ya bar shi a nan ɗan lokaci. Sannan ya ɗago shi yana lalube sama, bai kai ba. Bahago ya zagayo ya durƙusa a gabansa, gwiwoyinsa a cikin ɓarɓashin ƙarfe. Hannun ya sauka a kafaɗarsa. Ba shi da nauyi ko kaɗan.

"Na karɓa, Baba," ya ce, da baki, abin da ba a taɓa yi ba a zauren saƙa.

Bayan motar ta sha kwana, maƙwabta suka watse, matarsa ta shige ciki da yara. Bahago ya koma shago, don akwai aikin mutane da ke jira. Ɗan jan ƙamus na nan a aljihunsa, ya zauna daram, bai san wa zai karanta wa ba kuma bai cire shi ba. Ya ɗaura ƙarfe a injin ya kunna. Bai daɗe yana juyawa ba ya ji wani siririn kuka a ƙarƙashin rurin, can ta wajen boris na baya. Ya sa yatsa a kunne ya juya wajen kujerar da ke kusa da ƙofar ɗakin baya, inda Baba yakan zauna.

Ya daɗe a haka, yatsa a kunne. Sannan ya sauke hannun, ya kashe injin, ya je ya ɗauko giris.